Baƙin Allo Ba Ya Jin Nuni

Tun da garin Allah ya waye ranar Talatar nan Malama Turai ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share tsakar gida sau biyu, ta wanke kwanukan da babu abin da ya same su, ta leƙa ɗaki ta harari kwamfutar, ta fito, ta sake komawa ta kunna ta ko Allah zai sa ta yi hankali. Ina! Abin jiya ne dai: baƙin allo ƙirin, da wasu 'yan rubuce-rubucen Turanci a sama, da wani ɗan guntun layi da yake ta ƙyaftawa kamar yana yi mata gwalo.

Jiya da la'asar ne aka ɗauke wuta injin yana tsakiyar sabunta kansa, batirinsa kuwa ya daɗe da mutuwa. Da aka dawo da wutar sai ya tashi a haka. Babu hoton korayen duwatsun nan da ta saba gani, babu 'yan akwatunan da ake dannawa, babu kibiyar da take yawo da ita. Ta murza maus ɗin, ɗan abin da yake tuƙa kibiyar, a kan tebur har ta gaji, ko gezau.

Kada wani ya ɗauka Turai baƙauyiya ce. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a sakatariya kafin ta yi ritaya, tun zamanin tafireta mai ƙararrawa, kuma har yau idan ta ɗora yatsu goma a kan madannai ba ta kallon su. Duk unguwar Soron Ɗinki, katin biki, takardar ƙungiyar mata, tambayoyin jarrabawar Islamiyya, wajenta ake kawowa. Amma ita da kwamfuta yarjejeniyarsu ɗaya ce: ta nuna abu da kibiya, ta danna, a buɗe mata. Kamar dai yadda take yi a kasuwar Ƙofar Wambai, ta nuna da baki ta ce a miƙo mata wancan. Wannan tsari ya yi mata daidai, don ita duk rayuwarta da nuni ta yi ta.

Ga dalili. Gidansu gidan Fulani ne, irin waɗanda shanun suka ƙare tun zamanin kakanni, ko akuya babu, Fillancin ma sai 'yar gaisuwa, amma kunyar tana nan daram, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ɗan farin Turai sunansa Mubarak. Mu da ba mu haife shi ba muna iya faɗa. Ita kuwa shekararsa talatin da biyu a duniya, sunan nan bai taɓa fitowa daga bakinta ba. Ranar da aka yaye shi, yayar mijinta, Gwaggo 'Yardada, ta saɓa shi a kafaɗa ta tsallaka da shi sashenta, taku goma sha biyu daga ƙofar ɗakin Turai. A can ya girma. Turai tana jin kukansa da tarinsa da haddarsa ta cikin katanga, amma idan magana ta kama sai ta ce "ɗan Gwaggo", ko "wancan", in kuma a gabanta yake, "kai". Shi ma ya tashi yana ce mata Adda, kamar wata yayarsa.

Ƙarfe sha biyu saura wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba.

"Adda, ni ne. Wayar abokina ce. Kina gida?"

Muryar ba ta yi kama da ta mai lafiya ba. "Ina gida. Me ya faru da kai?"

Ya zayyana mata a gurguje, numfashinsa sama-sama. Yana Abuja. Yau ƙarfe biyu daidai zai shiga gaban wani kwamiti ya nuna manhajar da ya shekara uku yana haɗawa, wadda likitocin dabbobi za su riƙa bin sawun cutar shanu da ita tun kafin ta yaɗu. Mutum biyar aka kira, ɗaya za a ɗauka. To a hanya direba ya sauke jakarsa tare da kayan wani fasinja a Kaduna, kwamfutarsa da wayarsa duk suna ciki. Kwafin manhajar da ya ajiye a intanet kuma ba ya buɗuwa sai da lambar da ake turowa waccan wayar.

"Kwafi ɗaya ya rage a duniya, Adda. Wanda na bari a injinki da Babbar Sallah, a foldar da na ce kada ki taɓa. In bai zo min kafin ƙarfe biyu ba, shi ke nan."

"Innalillahi! Ai injin ya lalace tun jiya!"

Ya ce ta faɗa masa abin da take gani, ta faɗa. Ta ce bari ta yafa mayafi ta kai wa masu gyara a Ƙofar Wambai.

"Kada ki soma! Su maganinsu ɗaya ne, su wanke ta tas su zuba sabuwa. Bai lalace ba, fuskar ce kawai ta ƙi fitowa, kayan suna ciki. Ki zauna. Ki sa wayar a sifika don ki samu hannu biyu. Ni zan faɗa, ke ki rubuta."

Salatin da Turai ta rafka ne ya fito da Gwaggo 'Yardada daga sashenta, tana dogara sanda, carbi a wuya. Shekararta tamanin da 'yan kai, amma in dai zancen ɗanta ne, ko raɗa aka yi a soro sai ta ji. Ta shigo babu sallamar kirki, ta ja darduma ta zauna a bakin gado.

"Me ya sami Mubarak ɗina?"

"Gwaggo, addu'a za ki yi min," in ji shi daga cikin wayar.

"Ita nake yi tun kana zanin goyo. Ke kuma me kike jira? Taɓa masa abin mana!"

Turai ta gyara kujera, ta goge tafin hannunta a zani. Ya ce injin yana tambayar wace ce, ta rubuta adda, ta danna babban maɓallin enta. Ta yi. Ya ce yanzu kalmar sirri. Ta buga, ta duba allo, ba ta ga komai ba. Ta sake bugawa da ƙarfi.

"Kai, ba ta rubutu fa! Madannan ma sun mutu!"

"Tana ji, Adda. Ba ta nunawa ne kawai. Ki danna enta, za ta ƙi tunda kin buga sau biyu, sai ki sake daga farko, sau ɗaya tak."

"Oho," in ji Gwaggo. "Ashe ita ma tana da kunya."

Ba wanda ya yi dariya. A karo na biyu ƙofa ta buɗe, in dai za a kira wannan buɗewa, don ba abin da ya canza sai ɗan layin da ya sauko ƙasa ya ci gaba da ƙyafce-ƙyafcensa. Mubarak ya ce ta rubuta harafi biyu, c da d, ta bar fili, sannan sunan teburin, wato fuskar allon da foldodinta suke zama. Ta rubuta, ta danna. Shiru.

"Ba ta ce komai ba."

"Madalla. In ta yi shiru ta yarda ke nan. Sai an yi kuskure take magana."

"Na faɗa muku," Gwaggo ta ce, tana jan carbi. "Wannan kwamfutar 'yar gidan mutunci ce."

Fankar sama ta rage gudu, ƙwan ɗakin ya yi ja ya dawo. Turai ta ɗaga kai ta kalle shi. In wutar nan ta tafi, injin ya tafi. Agogon bango ya ce sha biyu da minti ashirin.

"To yanzu ki sake rubuta c da d, ki bar fili." Ya ɗan dakata. "Sai ki rubuta sunana."

Yatsun Turai suka tsaya a sama. Waɗannan yatsu da suka buga jawabin manyan sakatarori ba kuskure ko ɗaya, yau ga su sun sandare a kan harafi bakwai.

"Ba yadda za a yi a nuna mata kawai?"

"Babu kibiya a nan, Adda. Baƙin allo ba ya jin nuni. Abin da kike so sai kin kira shi da sunansa."

Ta saci kallon Gwaggo. Tsohuwar ta kafe ta da ido.

"Rubutawa ai ba faɗa ba ce," Gwaggo ta yanke hukunci. "Baki aka hana, ba a hana yatsa ba. Yi maza."

Ta buga shi da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi, kamar mai koyo, leɓɓanta a datse kada su bi yatsan. Ta danna enta. Nan take injin da ake yabo da kunya ya buɗe baki, ya ce da Turanci babu wani abu mai wannan suna a nan.

Ta karanta masa. Ya ce ta duba ko ta sa babban harafi a farko. Ta sa. Ya ce ta sake. Ta sake, amsa ɗaya.

Ita kuwa Turai tun kafin ta danna enta ta san abin da za a ce mata. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Abin da ya faru shi ne, da Mubarak ya koma bayan Sallah, ya bar mata foldar nan zaune a tsakiyar allo, sunansa ɓaro-ɓaro a ƙarƙashinta. Kullum ta kunna injin sai sun haɗa ido. Idon da ya saba karatu kuwa ba ya neman izini, sai ta ji harshenta yana motsi a cikin baki. Ga matan unguwa masu kawo aiki, su tsaya a kanta suna leƙe, wata ma har ta karanta da ƙarfi ta ce, "Au, na ɗanki ne?" Ran nan dai da ta ga ba kowa, ta kai kibiya kan foldar ta zaɓi canza suna. Ya ce kada ta taɓa, amma a ganinta ai ba cikin ta taɓa ba. Niyyarta ta rubuta "na Gwaggo". Wallahi niyyarta ke nan. Sai yatsun suka riga ta, suka rubuta wani abu daban, kalma ɗaya mai harafi shida: yarona.

Ta daɗe tana kallon kalmar ranar. Ba ta goge ba. Ta ja foldar da kibiya ta kai ta can ƙuryar ƙasa ta dama, inda duk takardar da ta buɗe take rufe ta. Wata biyu ke nan, kullum da safe kafin ta fara aiki sai ta ɗan kalli ƙuryar nan, ita kaɗai, sannan ta buɗe takarda a kai.

"Adda, kina ji na? Rubuta l da s. Zai jero miki duk abin da ke wurin. Ki karanta min ɗaya bayan ɗaya."

Ta rubuta. Sunaye suka zubo farare a kan baƙi, a jere bisa tsarin harufa. Wannan allon ba shi da ƙurya, ba shi da bayan ƙofa. Kowa an fito da shi fili, ga ta nan a ƙarshen layi, tsirara.

"Akwai biki," ta fara. "Akwai islamiyya. Akwai kati. Akwai ƙungiya. Akwai wasiƙu."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

Ƙarya ce, kuma ita ce ƙarya ta farko da ta taɓa yi masa, don wanda ba ka hira da shi ba ka samun damar yi masa ƙarya.

"Ki duba da kyau, don Allah."

"Na duba."

"Gogewa kika yi?"

"Ban goge ba."

"To ina ta shiga? Folda ba ta da ƙafa!" Muryarsa ta tashi, abin da bai taɓa yi mata ba. Ta ji hayaniyar motoci a bayansa, ta ji abokin yana ce masa ya yi a hankali. Bai yi ba. "Abu ɗaya na roƙe ki. Ɗaya! Na ce kada ki taɓa. Na san abin da ya faru, sunana kika gani ya tsone miki ido. Shekara talatin da biyu ina taku goma sha biyu daga ɗakinki, ban taɓa cewa komai ba, na ce al'ada ce. Amma ashe ko a cikin inji ba za ki iya zama da ni ba."

"Kai, Mubarak!" Gwaggo ta buga sanda a ƙasa. "Uwar... Addarka kake faɗa wa haka?"

Ƙit, ya kashe wayar.

Kukan injin markaɗen maƙwabta ya taso, injin da duk lokacin da aka tayar da shi sai ƙwan ɗakin ya yi ja. Turai ta miƙe. Ta je bakin ƙofa ta dawo. Ta ɗauki mayafi ta ajiye. Ta buɗe randa ta rufe ba ta sha ba. Maganar ta soke ta, kuma abin da ya fi ci mata rai shi ne yaron bai yi ƙarya duka ba. Ita ta san zazzaɓin da ya yi yana shekara huɗu, da ta kwana uku a tsaye a jikin katanga tana sauraron numfashinsa. Ita ta san wanda yake cusa kuɗin makaranta a ƙarƙashin filon Gwaggo. Amma shi ina ya sani? Abin da ya sani shi ne matar da take kawar da kai in ya shigo.

"Zauna mana, kina sa ni jiri," in ji Gwaggo. "Ke da gaske kin goge?"

"Ban goge ba, Gwaggo."

"To nemo. Ni ban san boko ba, amma na san abin da ba a zubar ba yana cikin gida."

Ɗaya saura minti biyar. Turai ta koma kan kujera. Ta lura da yadda abin yake tafiya, ai ba yau ta fara koyon inji ba: c da d, fili, sannan sunan inda kake son shiga. Ta karkata jikinta ta kare allon, duk da ta san Gwaggo ko alif na boko ba ta sani ba. Ta rubuta kalmar da sauri, yatsu goma, ta danna.

Shiru. Ta yarda.

Ta rubuta l da s. Wasu sunaye suka zubo, na Turanci, ba ta san ko ɗaya ba, amma ta san na wane ne. Ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ai shi ke nan, an huta! Ta shiga ta bayan gida ba wanda ya gan ta. Yanzu sai ta kira shi ta ce ta samu, ya faɗi yadda za a tura, a rufe maganar.

Ta kira. Har wayar ta katse ba a ɗauka ba. Ta sake. Ta sake. Ladanin masallacin unguwa ya fara gwada lasifika, yana hura ta yana ƙwanƙwasawa. A kira na biyar abokin ya ɗauka, ya ce Mubarak ya fita waje, bari ya nemo shi. Turai ta riƙe wayar tana kallon agogo, dogon hannun yana tafiya kamar ana tura shi. Ɗaya da kwata. Ɗaya da minti ashirin.

"Na'am." Muryar a dushe.

"Na samu."

"Kin samu? A ina?"

"A nan dai. Ina ciki yanzu haka." Ta karanta masa sunaye uku na farko.

"Su ne! Allahu Akbar, su ne!" Sai kuma ya tsaya. "Dakata. Akwai tsohon kwafi a injin nan, na shekara biyu da suka wuce, sunayen cikinsa iri ɗaya ne da waɗannan, kuma ba ya aiki. In shi kika turo min na kunna a gaban mutanen nan, na gama yawo. Dole in san inda kike tsaye. Rubuta p, w, d. Zai faɗa miki cikakken sunan wurin."

An gudu ba a tsira ba.

Ta rubuta, don ba ta da abin yi. Layi ɗaya ya fito, gajere, kalma huɗu da 'yan sanduna a tsakaninsu. Ta ƙarshen tana kallon ta.

"Karanta min."

"Ba sai na karanta ba. Shi ne sabon."

"Ta yaya kika sani?"

"Na sani."

"Adda, ko shi ne, umarnin da zan ba ki na turawa sai da sunan foldar a ciki. Ban san sunan ba, ba zan iya faɗa miki abin da za ki rubuta ba. Saura minti talatin da biyar, kuma turawar ma tana cin lokaci. Don girman Allah ki karanta."

Ƙwan ɗakin ya yi ja, ya daɗe a jan kafin ya dawo. Zufa ta karyo wa Turai ta bayan wuya. Ta dubi Gwaggo. Da sunansa ne ma da sauƙi, a ce tuntuɓen harshe ne. Amma wannan kalma? A gaban matar da ta goya shi, ta yi masa kaciya, ta kai shi makaranta, matar da duk Soron Ɗinki suka sani da uwar Mubarak? A can gidansu uwarta ta rasu ba ta taɓa kallon ɗan farinta, yayan Turai, ido cikin ido ba, kuma da wannan ake yabon ta har gobe. Turai ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Ta yi tunanin ta ce masa za ta rubuta sunan da kanta in an zo wurin. Zai yiwu ma ya yarda. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai maganarsa ta ɗazu ta dawo mata, cewa ko a cikin inji ba za ta iya zama da shi ba. In ta ɓoye yau, da wannan zai shiga gaban kwamitin, da shi kuma zai ci gaba da zama.

Ta gyara murya irin ta ofis, wadda take karanta wa shugabanta takarda da ita.

"Akwai sanda a karkace. Sai hom. Sai sanda. Sai adda. Sai sanda, sai sunan teburin. Sai sanda." Ta runtse ido. "Sai yarona."

Carbin Gwaggo ya tsaya.

A cikin wayar ba ka jin komai sai wucewar motoci. Turai ta zaci layin ya yanke.

"Ke kika sa mata wannan sunan?" Da ƙyar ta gane muryarsa.

"Lokaci yana tafiya," in ji ta, idonta a kan madannai. "Faɗi abin da zan rubuta."

Ya fara faɗa. Dogon umarni ne, da alamomi da lambobi da adireshin injin abokinsa, yana faɗa yana jan hanci. Nan fa aka ga aikin shekara talatin da ɗaya, don kafin ya rufe baki ta gama bugawa, ba ta tambaye shi ya maimaita ko ɗigo ba. Da ya zo wurin sunan foldar sai shi ma ya yi turus. Ya faɗe shi a hankali, kamar mai tsoron kada ya fashe. Ta rubuta. Ta danna enta, ta buga kalmar sirrin da ya ba ta, wadda ita ma ba ta nuna kanta ba.

Lambobi suka fara gudu a gefen allo. Ya ce ta riƙa faɗa masa. Goma. Ashirin da bakwai. Aka tayar da injin markaɗe, ƙwan ya yi ja, Gwaggo ta ɗaga murya ta ƙwala wa maƙwabta kira ta taga, ta ce in ba su kashe abin nan ba sai ta zo da kanta, kuma abin mamaki suka kashe. Sittin. A tamanin da ɗaya ya tsaya cak, ya ƙi gaba ya ƙi baya, Turai ta miƙe tsaye ta dafa tebur tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ya motsa. Casa'in da shida. Ɗari.

Ɗan layin ya sauko ƙasa ya ci gaba da ƙyaftawa, bai ce komai ba.

"Ta yi shiru," in ji Turai.

"Ya zo. Ga shi ina gani. Ya buɗe, Adda, sabon ne." Biyu saura minti goma sha ɗaya. Ta ji abokin yana ce masa su tafi, an fara kiran suna.

"To je ka. Allah Ya ba da sa'a."

"Amin." Bai kashe ba. Tana jin numfashinsa. "Adda."

"Na'am."

"Ɗazu da kika karanta layin nan, wayar ta ɗan yi ƙara. Ban ji na ƙarshen sosai ba."

Kai, jama'a! Layin wayar da ya fi ruwan randa kyau, shi da har ya maimaita mata kalmar da bakinsa ta rubuta? Turai ta san ƙarya yake yi, shi ma ya san ta sani. Ta ji fuskarta ta ɗau zafi. Ta kasa ɗaga ido ta dubi bakin gado.

Gwaggo 'Yardada ta dafa sanda ta miƙe, gwiwoyinta suna ƙara. Ta naɗe dardumarta a nutse, ta saƙala carbi a wuya. Idonta ya yi ja, amma ta murtuke fuska kamar wadda aka ɓata wa rai.

"Ni alwala zan je in yi, an kusa tayar da salla," ta ce, ba ta kalli kowa ba. "Kunnen nan nawa ma tun bara ya daina aiki. Duk surutun da kuke yi tun ɗazu, ni ban ji komai ba."

Ta fita, ta ja labule ta rufe ƙofar da kyau, abin da ba ta taɓa yi ba. Aka ji takun sandarta yana nisa, ɗaya, biyu, har goma sha biyu.

Turai ta cire wayar daga sifika, ta kai ta kunne, ta riƙe da hannu biyu. Ba ta kalli allon ba.

"Yarona," ta ce. "Yi sauri kada ka makara."